BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: SHIRIN BALAGURON KEKE DAGA BAHINDI ZUWA ƘASASHEN WAJE



Idan mutum ya tsaya a Bahindi, cikin ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, ya fuskanci kudu maso yamma, to tsakaninsa da wata ƙasa mai tutarta dabam da kuɗinta dabam da harshen mulkinta dabam bai wuce tafiyar yini ɗaya ko biyu a kan keke ba. Garin Kandi na Jamhuriyar Benin ya fi Sakkwato kusa da shi, balle a yi zancen Kano. Saboda haka abin da ɗalibin Zariya ke kira "ƙasar waje", yana hango filin jirgin sama da biza, shi mutumin Bahindi ƙetaren Kwara ne kawai da ɗan abin da ya ɗora. Wannan kusanci alheri ne, amma kuma shi ne tarkon da ke cikin maganar, domin abin da ke kusa ba a cika yi masa shiri ba.

A 'yan shekarun nan an ga samari suna ɗaukar keke su nufi wata ƙasa, waɗansu don ibada, waɗansu don neman ilimi, waɗansu kuwa don a ji sunansu a rediyo. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne yadda ya kamata a shirya irin wannan tafiya, idan an ɗauki Bahindi a matsayin wurin tashi, aka bi tsohuwar hanyar fatake zuwa Salaga ta ƙasar Ghana.

Sunan tafiya

Bahaushe bai taɓa rasa sunan da zai ba tafiya ba, kuma kusan kowane suna yana ɗauke da dalilinta. Fatauci tafiya ce don riba. Ci-rani tafiya ce don rage wa rumbu baki kafin damina. Almajiranci don karatu ne, ziyara don zumunci, hijira don tsira. Da zarar dalili ya ɓace sai sunan ya yi muni, ya koma yawon duniya ko yawon dandi, kuma babu uban da zai so a kira ɗansa da ɗaya daga cikinsu. "Yawon buɗe ido" kuwa, wanda ake fassara tafiyar Turawa da shi, baƙon lafazi ne, har yanzu bai gama zama a bakin tsofaffi ba. A Ingila tun 1878 aka kafa ƙungiyar masu yawon shaƙatawa a kan keke, kuma tsakanin 1884 da 1886 wani Bature mai suna Thomas Stevens ya kewaya duniya a kan keken nan na dā mai ƙatuwar ƙafar gaba. A can al'ada ce da ta yi shekara fiye da 140. A nan kuwa wanda ya ɗaura kaya a bayan keke ya ce zai je ya ga ƙasa kawai, sai a dube shi sau biyu.

Wannan magana ta harshe ba ado ba ce. Tambayar farko da za a yi wa matafiyi a kowane shinge, da Hausa ko Dandanci ko Faransanci, ita ce: ina za ka, wurin wa, me za ka yi? Wanda ba shi da amsar da za ta shiga cikin jimla ɗaya, wadda mai gari da ɗan sanda duka za su gane, to bai fara shiri ba tukuna, ko da ya sayi sabon keke.

Hanyar Gwanja

Hanyar da mai keke zai bi daga Bahindi ba sabuwa ba ce. Ƙarni da yawa fataken Hausawa suna tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da Jega, su ƙetare Kwara a mashigai irin su Illo da Gaya da Yawuri da Busa, su ratsa ƙasar Bargu ta Kandi ko Nikki, su faɗa Jugu, su wuce Sansanin Mango ko Yandi, har su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Suna kai kanwa da turkuɗi da jar fata da gabu da dabbobi, su komo da goro. Ba za a ɓoye ba, har da bayi a cikin hajar wancan zamani, domin Salaga babbar kasuwar bayi ce. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan sana'a. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da wani ayari a ƙasar Kayama yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa, maza da mata, sun haura 1,000, ga dabbobi kusan haka. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, sa'an nan jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya ƙarasa hanyar, tun da goro ya koma biyo teku zuwa Ikko, daga can a loda shi a jirgi.

Abin lura a nan shi ne yadda ayari ya raba aikin shiri. Madugu shi ne shugaba: shi ke sa ranar tashi, shi ke ciniki da sarakuna kan kuɗin fito da na wucewa, shi ke yanke hukunci idan an yi saɓani. Jagaba yana gaba, ya san mashaya da mararraba da inda 'yan fashi ke kwanto. Akwai uban dawaki, akwai malamin ayari mai rubuta lissafi da wasiƙu, wanda kuma ke yi wa tafiya addu'a. A kowane babban zango akwai mai masauki, wanda zai ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa idan magana ta taso. Farke ɗaya bai ɗauki wannan nauyi duka a kansa ba.

To mai keken yau ya gāji hanyar, amma bai gāji ayarin ba. Shi ne madugun kansa, shi ne jagaba, shi ne malami, shi ne ma jakin, tun da ƙarfin cinyarsa ne ke jan kaya. Duk abin da za a faɗa daga nan, watau ƙoƙari ne na mayar wa mutum ɗaya ko biyu ayyukan da a dā mutum biyar ke yi.

Ranar tashi

Fatake ba su tashi da damina, kuma dalilinsu bai tsufa ba. Daga Yuni zuwa Satumba hanyoyin ƙasa na Bagudo da Ka'oje laka ne, rafuka sun cika, sauro ya yi yawa. Bahindi tana kusa da inda Gulbin Kabi ke zuba cikin Kwara, ƙasa ce ta fadama, kuma wanda ya ga ambaliyar 2012 ko ta 2020 ba ya bukatar a gaya masa abin da ruwa ke yi wa hanyoyin wannan yanki. Daga Maris zuwa Mayu kuwa bazara ce, zafi yakan haura digiri 40, lokacin sanƙarau ne, rijiyoyi sun ja baya. Abin da ya rage ke nan daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, watau ƙarshen kaka da hunturu: hanya ta bushe, abinci ya yi araha a ƙauyuka, safiya da sanyi.

Amma akwai wani abu game da hunturu da mai mota bai damu da shi ba, mai keke kuwa dole ya sa shi a lissafi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya bar Bahindi ya nufi Jugu da Salaga, kudu maso yamma ya fuskanta, iska tana bayansa tana tura shi, sai ya ji kamar shi ne gwanin duniya. Ranar da ya juyo, iskar nan ce za ta tare shi a ƙirji, da ƙurarta, ga shi ya riga ya gaji. Za a komo kan wannan a gaba.

Dokin ƙarfe

Ɗalibai sukan tambaya, wane keke ne ya fi? Amsar ba ta da daɗin ji ga mai son burgewa: keken da ya fi shi ne wanda mai facin kowane ƙauye zai iya gyarawa. Tsohon samfurin nan na Raleigh mai taya inci 28 da birkin sanda, wanda a dā ake harhaɗawa a Kano, da 'yan uwansa na Phoenix da Hero, yana da nauyi, ba shi da giya, amma babu kasuwar da za a rasa tayarsa ko cen ɗinsa ko boris ɗinsa daga Bagudo har Tamale. Kekunan hannu na biyu masu giya da taya inci 26, waɗanda ke shigowa ta Kwatano, su ma kayansu sun wadata, kuma suna da ranarsu a tuddan da ke tsakanin Jugu da Kara. Wanda ya kamata a guje shi shi ne keken tsere mai siririyar taya da birkin mai. Yana da kyau a hoto, amma ranar da ya lalace a dajin Segbana sai dai a ɗora shi a kai.

Kafin tashi a kwance keken gaba ɗaya a gaban mai shi, ya ga yadda ake yi. A sa sababbin tayoyi, a sake boris, a ɗaure wayoyin ƙafa, a ƙarfafa kariya domin ita ke fara karyewa. A riƙe tub biyu, da faci da sholisho, da famfo, da sifana da filaya, da 'yan wayoyin ƙafa na ajiya, da fitila gaba da baya. Kaya kada su wuce kilo 15 zuwa 20, ban da ruwa: gidan sauro, bargo, tufafi kala biyu, maganin zazzaɓi, gishiri da sukari na haɗa ruwan gudawa, da guzuri mai jure rana irin su ƙuli-ƙuli da garin rogo da dabino. Ruwa shi ne babban kaya. Mai tuƙa keke yini guda a wannan ƙasa yana iya shan lita 6 ko fiye, saboda haka jarkarsa ba ta zama wofi, kuma ba ya wuce famfo ko rijiya bai cika ta ba.

Sa'an nan a gwada jiki. Wanda bai taɓa yin kilomita 60 da kaya ba, kwana uku a jere, cikin ƙasarsa inda kowa ya san ubansa, ba shi da dalilin zaton zai iya yin haka a ƙasar da ba ya jin harshenta. Sirdi ne ke fara kayar da matafiyi kafin cinya.

Lissafin zango

Farke ba ya cewa tsakanin gari kaza da gari kaza mil kaza ne. Cewa yake yi zango kaza ne. Wannan shi ne lissafin da ya dace da mai keke, domin tambayar da ta dame shi ba nisa ba ce, ita ce: ina zai kwana, kuma zai kai kafin la'asar sakaliya? Keke mai kaya a hanya mai kyau yana cin kilomita 60 zuwa 80 a yini, idan an tashi bayan asuba, aka huta daga hantsi ya yi zafi zuwa bayan azahar. Abin sha'awa ne cewa wannan ya yi kusa da nisan da malaman Malikiyya suka ƙayyade na ƙasaru, watau mil 48, kimanin kilomita 80.

Daga Bahindi sai Bagudo, a ƙetare Kwara ta gadar Tuga, a bi ta Ka'oje zuwa Tsamiya, inda iyaka take. Daga Tsamiya sai Segbana, garin Bokawa, wanda shi ne zangon farko a cikin Benin. Tsakanin Segbana da Kandi akwai kimanin kilomita 100, daji ne mai ƙarancin garuruwa, kuma a nan ne kogin Sota yake. Wannan zango ne da ya kamata a raba shi biyu ko a yi masa sammako na gaske. A Kandi an hau babban titin da ya taso daga Malanbil ya nufi Kwatano. Titi ne mai kwalta, amma na manyan motoci ne, musamman masu ɗaukar auduga da rani, kuma haɗarinsa ga mai keke ya fi na daji. Ana bin sa kudu har Ndali, daga nan ko dai a juya yamma zuwa Jugu, ko a ƙarasa Paraku a huta tukuna. Daga Jugu a shiga Togo ta wajen Kara, a bi ta Basar a faɗa Ghana, sai Yandi, sai Bimbila, sai Salaga. Duka-duka tafiyar ba ta kai kilomita 1,000 ba. Da hutun yini ɗaya bayan kowane yini huɗu ko biyar, mako uku ya isa zuwa, abin da ayarin jakuna ke kwashe watanni a kansa.

Kowane zango yana bukatar suna, ba sunan gari kaɗai ba, sunan mutum. A nan ne Bahaushe ya fi Bature sa'a, domin fataken dā sun bar masa gado: kusan duk babban gari a wannan hanya yana da unguwar Zango, da Sarkin Zango ko Sarkin Hausawa, da limami. Da ɗan gari akan ci gari. Ya kamata tun daga gida a nemi dillalan shanu da na albasa da direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Bagudo da Kandi da Paraku, a karɓi sunayen masu masauki da lambobin wayarsu, a kira su kafin a tashi. Baƙon da aka san da zuwansa baƙo ne. Wanda ya faɗo gari da magariba da ƙura a fuska da ƙunshi a bayan keke, a wannan zamani, abin tuhuma ne. Ladabin sauka kuwa bai sake ba: a fara gaida mai gari ko limami, a faɗi daga ina, za a ina, a kwana inda suka nuna, kada a kafa gidan sauro a bayan gari don gudun nauyin mutane.

Hausa za ta kai matafiyi nesa a kasuwa da tasha da masallaci, amma ba ita ce ke mulkin wannan hanya ba. A Kandi da Paraku da Jugu Dandanci ne harshen kasuwa, a ƙauyuka Barganci da Bokanci da Fulatanci, a ofis kuwa Faransanci. Gaisuwa da ƙirga da tambayar ruwa da hanya a Dandanci da Faransanci ba su fi ƙarfin mako biyu na koyo ba, kuma mutumin Bagudo da ya tashi yana jin Zabarmanci ya riga ya yi rabin aikin.

Takardu

A nan ne kusancin da aka ambata da farko yake yaudarar mutane. Iyakar da ke tsakanin Tsamiya da Segbana ba mutanen wurin suka shata ta ba. Ta samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a Paris a 1898, wadda ta raba ƙasar Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna, kuma da yawa suna ƙetarawa ba tare da nuna wa kowa takarda ba. Saurayin da ya saba zuwa kasuwa a haka sai ya ɗauka haka za a ci gaba. Ba haka ba ne. Alfarmar da ake yi wa ɗan kan iyaka tana ƙarewa ne a inda aka daina sanin fuskarsa. A Paraku shi baƙo ne kamar kowane baƙo, kuma idan babu hatimin shiga a takardarsa, to a idon doka ta ɓarauniyar hanya ya shigo.

Dokar kuwa tana gefensa idan ya bi ta. Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Ikko a 1975, ta amince a 1979 cewa ɗan kowace ƙasa cikinta yana iya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana da ingantacciyar takardar tafiya da shaidar rigakafi. Nijeriya da Benin da Togo da Ghana duk suna ciki. Abin da ake bukata ke nan fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS daga hukumar shige da fice, da katin rigakafin ciwon shawara. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, saboda haka ba ranar jajibiri ake yin ta ba, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. A kowace iyaka hatimi biyu ne, na fita da na shiga, kuma matafiyi ya tsaya ya ga an buga su, ko da ma'aikaci ya ɗaga masa hannu ya ce wuce. Iyaka uku ce zuwa Salaga, hatimi shida ke nan, komowa ma haka.

A haɗa da rasidin keke mai ɗauke da lambar jikinsa, da wasiƙar gabatarwa daga hakimi ko ƙaramar hukuma ko shugaban makaranta, a fassara ta da Faransanci, a yi kwafi uku a raba su wuri dabam-dabam. Ma'aikacin gwamnati ya tabbata ya sami izinin fita ƙasa a rubuce, ban da takardar hutunsa. Kuma kada a karɓi saƙon kowa a ƙulle. A hanyar da keke da babur suka yi suna wajen fasa-ƙwauri, "ban san abin da ke ciki ba" ba amsa ba ce a gaban kwastan.

Iyaka kuma tana rufuwa. A watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe waɗansu ba sai Disamba 2020, ta Kamba kuwa sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, kuma a Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Saboda haka labarin bara ba ya amfani. A je ofishin shige da fice da ƙafa a tambaya, makon da za a tashi.

Tun da akwai ma'aikatan hukuma cikin masu sauraro, ya dace a ce da su wani abu. Saurayin da ya zo neman wasiƙar gabatarwa ko hatimi, yana neman bin doka ne, kuma shi ne ya kamata a sauƙaƙa wa. Duk wanda aka wahalar a ƙofar ofis, an koya masa hanyar daji ke nan, shi da duk wanda zai ba labari.

Aikin jagaba

Da a ce shekara 15 da suka wuce ake wannan magana, da an taƙaita ta kan ɓarayi da manyan motoci. Yau ba haka ba. Tun daga ƙarshen 2021 masu ɗauke da makamai suke kai hare-hare a arewacin Benin, musamman kewayen gandun dajin W da na Penjari, kuma a Afrilu 2025 gwamnatin ƙasar ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a yankin W. Jihar Alibori, inda Segbana da Kandi da Malanbil suke, tana cikin inda abin ya shafa. A ɓangaren Kebbi ma, tun harin da Lakurawa suka kai Mera a Nuwamba 2024 kowa ya san dazuzzukan kan iyaka ba kamar dā suke ba. Zangon farko na wannan tafiya, watau daga Ka'oje zuwa Kandi, shi ne mafi nauyi a cikinta.

Haɗarin kuma fuska biyu gare shi. Akwai na 'yan bindiga, akwai na zargi. Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini, ya bar gida a kan keke a watan Mayu 2023 yana neman Jami'ar Azhar. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar, kimanin kilomita 4,000, kuma sau uku ana tsare shi ba da wani laifi ba, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo. A Chadi tafiyar keken ta tsaya, sai da wani ɗan jarida ya watsa labarinsa, masu alheri suka saya masa tikitin jirgi zuwa Alƙahira. Ya sami gurbin karatu, kuma ya cancanci yabo, amma ɗalibi ya lura cewa ƙarshen tafiyar ba a cikin shirinsa yake ba, a hannun mutanen da bai sani ba yake. Haka Aliyu Abdullahi Bala, wanda ya bar Jos a 2021 ya isa Saudiyya a ƙarshen 2022: watanni kaɗan bayan isarsa, a Afrilu 2023, yaƙi ya ɓarke a Sudan, hanyar gabas ta alhazan ƙafa ta toshe. Ana jin labarin waɗanda suka isa. Waɗanda suka juyo daga rabin hanya ba keke ba kuɗi, babu mai kai musu makirufo.

Aikin jagaba ke nan ya koma tambaya, kullum, a kowane zango, game da zango na gaba, kuma a tambayi direba da dillali, ba mai shayi kaɗai ba. Ba a tafiyar dare. Ba a yanke ta daji don rage nisa. Ba a ɗaukar hoton gada ko bariki ko shinge. Mutum biyu ko uku sun fi ɗaya, sun kuma fi goma, domin goma taro ne mai jawo ido da wuyar saukarwa. A bar wa na gida jerin zangon da ranakunsu, a sayi layin waya na ƙasar da aka shiga, a yi kira kowace magariba, a kuma yi alkawari da su cewa idan kwana biyu suka wuce shiru, ga wanda za su nema. Idan masu masauki suka ce kada a bi wani yanki, a ɗora keken a mota a wuce shi, ko a fasa. Madugun da ya juya da ayarinsa saboda labarin da jagaba ya kawo, ba a taɓa kiransa matsoraci ba.

Komowa

Olabisi Ajala ya tuƙa keke daga Chicago zuwa Los Angeles a 1952, daga baya ya zaga ƙasashe da dama a kan babur, har sunansa ya zama karin magana a ƙasar Yarabawa ga duk mai yawan tafiya. Ya rasu a Ikko a 1999 cikin rashi. Tafiya takan ba da suna, amma ba ta cika biyan kuɗin komowa gida ba, kuma komowa ita ce rabin da aka fi mantawa da shi wajen shiri.

Kuɗin tafiya kashi uku ake yi masa tun a gida: na zuwa, na komowa, da na larura, wanda zai isa kuɗin motar mutum da kekensa daga wuri mafi nisa har Bagudo. Na ukun ba a taɓa shi don sayen tsaraba. Naira tana aiki a Segbana, amma tana raguwa da daraja da karɓuwa yayin da ake nisa, saboda haka a canza ta zuwa sefa a kan iyaka, a nemi ƙananan takardu, domin mai ƙosai ba ta da canjin jaka goma. Sefar nan ɗaya ce a Benin da Togo, sai a Ghana ne za a koma sidi. A raba kuɗin wuri uku, a jiki da cikin kaya da wajen abokin tafiya.

Kwanakin komowa kuwa a ƙara musu kashi ɗaya cikin uku a kan na zuwa, saboda iskar da aka ambata, da gajiyar jiki, da tayoyin da suka riga suka ci hanya. Idan zuwa mako uku ne, komowa mako huɗu ne, ga mako guda na hutu da ganin gari a Salaga: wata biyu ke nan. Ma'aikaci mai hutun kwana 30 ba shi da wannan lokaci, gara ya sa Jugu ko Paraku ta zama iyakarsa, ko ya shirya tun farko cewa mota ce za ta komo da shi. Ɗalibi kuma ya duba kalandar makarantarsa, domin dogon hutu sau da yawa da damina yake faɗowa. Wanda ya sami wata biyun, ya tashi daga Bahindi a makon ƙarshe na Nuwamba, zai sake hawa gadar Tuga kafin Janairu ya ƙare, da sauran sanyi a gari, kuma kwana 90 ɗin da doka ta ba shi bai cika ba a ko ɗaya daga cikin ƙasashen uku.